Igiyar Karsanar Yero

Lawali, kai ka jawo wannan rubutu, ko da yake ba kai kaɗai nake yi wa ba, ƙannenka ma su karanta. Da sallar layyar da ta wuce ka zo daga Damagaram da jakar wayoyin salula, ka baza su bisa tabarma a ƙofar gida, samarin unguwa suka kewaye ka. Ina zaune cikin zaure na ji ka ɗaga murya da Turancin da ka kwaso a kasuwar Kano, kana cewa yau akwai diskawun, wanda ya sayi biyu za ka yi masa dash na caja. Na fito na daka maka tsawa a gaban mutane, na ce ka kwashe tarkacenka daga ƙofar gidana. Ka kwashe, amma na ga idonka. Daga baya na ji kana gaya wa uwarku wai tsoho ya fara rikicewa. Ban rikice ba. Uwarku Rabi ta san abin da ya taso mini, shi ya sa ta ci gaba da tankaɗenta.

Kun tashi kun tarar ana kirana Ilu mai Turanci, kun kuma san na yi dillancin shanu a kasuwar Tanut kafin in koma gona. An gaya muku ciwon gwiwa ne ya raba ni da kasuwa. Ni na ƙirƙiro wannan magana, gwiwata ƙalau take a lokacin. Turancin kuwa ba a lakwal, wato makarantar boko, na same shi ba, ko da can lakwal ɗinmu Faransanci take koyarwa, ni kuma ban zauna cikinta ba. Ina saurayi na yi rani huɗu ina bin motocin shanu zuwa Kurmi, can ƙasar kudu. Aikina in zauna bisa katako a saman mota, duk wadda ta kwanta in sauka in tashe ta kafin 'yan uwanta su tattake ta. In mun isa, sai in tsaya bayan masu shanu ina sauraren ciniki, har kunnena ya tsinci kalmomin da bakina ya riƙe. Haw moc, wato nawa. Tu moc, ya yi tsada. Ridus am, rage mini. Ai no giri, ita ce albarka tamu. Las farais, farashin da ba a wuce shi. Diskawun, ragi. Dash kuwa gyara ce, abin da ake ɗora wa mai saye bayan ciniki ya faɗa don ya ji daɗi ya dawo. Duk Turancin nawa bai kai kalma arba'in ba. Ba zai iya tambayar hanyar masallaci ba, ba zai iya yi wa mutum ta'aziyya ba, ciniki kaɗai ya sani. Amma a yankinmu na Damargu a wancan lokaci ya ishe ni yin taƙama, kuma na yi ta har ta wuce kima.

Dillanci gado na yi. Wanda bai san sana'ar ba yana tsammanin dillali mutum ne mai tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa yana zuba surutu. Ba haka ba ne a wurinmu. Dillali mai masauki ne. Makiyayi ya fito daga daji ba shi da kowa a gari, gidanka zai sauka, tuwonka zai ci, ya miƙa maka igiyar dabbarsa ya koma gefe. Bafillace ba ya cinikin saniyarsa da bakinsa, kunya ce a wurinsu, kamar a ce mutum ya tsaya yana yi wa 'yarsa kuɗi. Kai za ka ja, kai za ka rantse, in ka gama ka juya ka faɗa masa abin da aka taya, shi kuma ya ce albarka ko ya ce na sallama. In ya sallama, sai ya kwance igiyarsa daga wuyan dabba ya naɗe, don ba a sayar da dabba da igiyarta. Ku riƙe wannan magana ta igiya, za ta dawo.

Cikin baƙin gidanmu babu kamar Yero. Mutanensa suna kiwo can arewa, wajen rijiyoyin Tenhiya, masu jajayen shanu masu dogon ƙaho. Ubansa a gidan ubana yake sauka, shi kuma ya gaji saukar kamar yadda na gaji zauren. Dogo ne siriri, mai tafiya kamar ba ya son taka ƙasa. Ba ya kirana Ilu sai Kaɗo, sunan da suke kiran duk wanda ba Bafillace ba, ni kuma in ce masa mai bin wutsiya. In ya zo da damina sai ya kawo wa uwarku man shanu cikin ɗan duma, ya ce ta ba ni ko na yi kyan gani. Kai Lawali, a kafaɗarsa ka fara ganin kasuwar shanu, ba za ka tuna ba.

Sai aka yi shekarar nan da damina ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Ba zan tsaya kwatanta muku ita ba, wanda ya gani ba ya son maimaitawa. Rumbunmu ya ƙare tun kafin sanyi ya wuce. Uwarku tana shayar da Hadiza, tana jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita mu samu abin sa wa baki, dusar da a da ake zuba wa akuya ita aka koma tankaɗewa ana yi mana kunu. Daji kuwa ya zama tamkar an share shi da tsintsiya. Makiyaya suka riƙa kwararowa kasuwa da shanun da sai an sa sanduna ƙarƙashin ciki, mutum huɗu sun ɗaga, sannan su tsaya. Masu saye na kirki suka ɗauke ƙafa, don babu dabbar da za ta jure mota har Kurmi. Sai wasu irin masu saye suka zo, 'yan banda. Suka haƙa ramuka a bayan gari, suka jera rabin ganguna, su sayi saniya da arha su yanka nan take, su tafasa naman su kyafe shi, su cika buhuna su yi kudu. Hayaƙinsu ya zauna kan Tanut wata da watanni, har tufafin da ke cikin akwati sai ka ji suna ƙauri.

A cikin wannan hali Yero ya iso, ana gobe kasuwa, da la'asar. Mutumin da na san garkensa ba a hango ƙarshensa, ya zo da shanu goma sha ɗaya da jaki guda. Bai yi mini tsokana ba, ni ma ban yi masa ba. Ya sha ruwa, ya kama hannuna ya kai ni wurin wata jar karsana da ke tsaye a gefe. Ta rame, amma idonta da rai, kuma igiyar wuyanta daban take da ta sauran, saƙar baƙi da fari ce.

"Kaɗo, goman can na kasuwa ne," in ji shi. "Wannan ba ta kasuwa ba ce."

"Ta wa ce?"

"Ta Juli ce, ɗan kawuna. Habbanaye ce. Ka riƙe mini ita a gidanka har ruwa ya sauka. Ni daji ba ni da abin ba ta. In ta rayu na rayu."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ta zo gida.

Ku yaran gari ba ku san habbanaye ba, bari in gaya muku. Bafillace yakan ɗauki karsana ya ɗaure wa ɗan uwansa ko amininsa aro. Ta zauna wurinsa ya sha nononta, ta haifa masa 'ya'ya su zama nasa, sannan ya mayar da uwar ga mai ita. Da wannan suke tashi bayan kowace masifa: wanda garkensa ya ƙare, 'yan uwa su ɗaure masa nan ɗaya can ɗaya, cikin 'yan shekaru ya koma mutum. Shi ya sa suke fifita saniyar aro a kan tasu, ita ake fara shayarwa a rijiya. Ba a yanka ta, ba a sayar da ita ko da yunwa za ta kashe mutum. Wanda ya sayar da habbanaye ya gama yawo a cikin danginsa, babu mai sake ɗaure masa ko tunkiya. Duk wannan na san shi sarai tun ina yaro. Kada wani ya ce muku rashin sani ne.

Da safe karsanar ta ƙi zama ita kaɗai, tana kuka tana fizgar turke, sai Yero ya ce mu tafi da ita, in an tashi kasuwa na dawo da ita. A ranar akwai wani ɗan banda sabon zuwa, mutumin Kurmi, gajere mai faffaɗar hula, ana ce masa Oga Sande. Ba ya jin Hausa in ban da sannu, tafintansa kuma zazzaɓi ya kwantar da shi. Shi ya fi kowa kuɗi a kasuwar, dillalai sun kewaye shi suna ta nuni da yatsu kamar bebaye. Na ratsa su na ce masa haw moc, sai ya juyo da murna kamar ya ga ɗan garinsu. Ina so ku sani ban riƙe mutumin nan da komai ba. Ciniki ya zo yi, kuma ciniki ya yi.

Na kai shi gaban shanun Yero. Ya taya jika goma sha biyar, wato dubu goma sha biyar, kowace ɗaya, shanun da a shekarar lafiya ko jika ɗari biyu ba za a kalle ka ba. Na ce ai no giri. Ya ce tu moc, na ce ya duba ƙashi, ya ce ƙashin ne ai ya gani. Muka ja, muka ja, rana ta take, har na kai shi ashirin da biyar. Wallahi a ranar babu wanda ya samu haka, kuma da a nan na tsaya da yau ba ni da abin rubutawa. Ya ce las farais, na yarda. Sai ya nuna biyu da ba sa iya tsayuwa ya ce sai na yi masa diskawun a kansu. Na ƙi. Ya ɗaga kafaɗa, ya gyara jakarsa, ya juya wajen wani dillali da ke ta yafato shi. Kafin ya juya ya faɗa mini wata magana da na gane: in na daɗaɗa masa yau, ni ne mutuminsa har ƙarshen rani, duk saniyar da zai saya ta hannuna za ta bi.

Ina kallon bayansa yana tafiya, lissafi yana gudu a kaina. La'adar rani guda. Ga kuma karsana da na ɗauki alkawarin ciyarwa wata huɗu, ni da 'ya'yana ke cin dusa. Na ce wa kaina ai mutuwa za ta yi ko ta yaya. Duk wannan bai ɗauki lokacin da mutum zai sha ruwa ba. Na kira shi ya dawo, na ɗora hannuna a gadon bayan karsanar, na ce masa wannan dash ce.

Yero yana tsaye bai fi taku biyar da mu ba, ya rataya hannuwa bisa sandarsa. Kowace kalma ta shiga kunnensa, ko ɗaya bai gane ba. Da ya ga hannuna a bayan karsanar sai ya yi murmushi, murmushin farko tun zuwansa.

"Yawwa Kaɗo, gaya masa. Ba ta sayarwa ba ce."

"Na gaya masa," na ce.

Na faɗa masa farashin goman, ya ce na sallama. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kwance igiyoyinsa, bai kalli fuskar ko ɗaya ba. Ya karɓi kuɗinsa ya ba ni la'adata, har ya ƙara mini, ya ce Turancina ya yi rana. Ya sayi gero ya ɗaura wa jaki. Ya sunkuya ya yi wa karsanar magana a kunne da Fulatanci, ya miƙa mini igiyarta, ya kama hanyar arewa. Na tsaya har ya ɓace. Sannan na ja ta, ba gida ba, bayan gari. Ta bi ni ba gardama, don ta ga a hannun wa aka ba ni ita. A bakin ramukan na kwance igiyar na cusa aljihu, na juya kafin su kayar da ita.

Da na shiga gida na tarar uwarku ta share lungun da ke kusa da rumbu, ta kafa zana don inuwa, ta jiƙa dusa a ƙwarya. Dusar kununmu ce ta raba biyu. Bayana kuma ga mai amalanke yana sauke buhun gero.

"Ina baƙuwar tamu?"

"Ta faɗi a hanya. Ba ta tashi ba."

Ta dubi buhun, ta dubi bakin igiyar da ke leƙowa daga aljihuna.

"Ta faɗi, buhu ya tashi," in ji ta.

"Rabi, kama bakinki."

"Na kama, Malam. Zan daka in tuƙa, don yaran nan ba su yi wa kowa komai ba. Amma ni ba zan ci ba."

Kwana biyu ba ta ci ba. A na uku nononta ya ɗauke, Hadiza tana tsala kuka, ta zauna ta ci tana hawaye. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba, kuma duk da haka washegari na tafi kasuwa. Na zama mutumin Oga Sande har ƙarshen rani kamar yadda ya ce. Gidanmu bai sake kwana da yunwa ba. Na daɗe ina fakewa da wannan, ina cewa don ku na yi. Amma sauran dillalai ma suna da 'ya'ya, sun sha wuya sun fita, ba wanda ya ba da amanar baƙonsa gyara.

Ruwa ya sauka, ciyawa ta tsiro. Wata safiya muna shirin fita gona aka yi sallama. Yero ne, ya ƙara ramewa, tare da wani dattijo mai faɗin kafaɗa, shi ne Juli mai karsanar. Ya rako shi ne don ya ga dabbarsa ya sa mata albarka. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure, uwarku ta aiko da fura. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ni ina ƙara ja don kada ta ƙare. Daga bisani Yero ya leƙa cikin gida ya ce bai ji kukanta ba. Na sunkuyar da kai na ce Allah ya yi ikonsa, ta faɗi tun ranar da ya tafi. Na shiga ɗaki na ɗauko igiyar na ajiye a gabansu.

Yero ya rufe fuska da rawaninsa. Juli kuwa ya ɗauki igiyar ya juya ta, ya ce Allah ya mayar da alheri, mutuwa ba ta da mai laifi. Sannan ya miƙo mini tafin hannu.

"Kawo kunnen."

In dabbar amana ta mutu a hannunka, kana yanke kunnen da ke ɗauke da shaidar mai ita, ka shanya ka ajiye. Ran da ya zo ka nuna masa, magana ta mutu, ba mai tambayarka komai. Ni ɗan dillali ne, na ga ubana yana yi. Amma ranar nan a bakin ramuka hannuna abin da ya saba ya yi: ya kwance igiya, kamar yadda ake yi in ciniki ya faɗa. Na tuna al'adar kasuwa na manta ta amana. Igiya ba kunne, a wurin duk wanda ya san dabba, ma'anarta ɗaya ce, an sayar.

Na fara kame-kame, na ce karnuka, na ce zafin rana. Juli bai ko dube ni ba. A saninsa mai masauki ba ya sayar da dabba sai mai ita ya sallama, abin da na yi bai taɓa shiga tunaninsa ba. Sai ya juya ga ɗan uwansa.

"Yero, ka kai ta kasuwa?"

Yero ya sauke rawani ya dube ni. Ba kallon tuhuma ba ne, jira yake. Daga bayan zana na ji muryar uwarku ƙasa-ƙasa.

"Malam."

"Ƙaro wa baƙi ruwa," na ce.

"Malam, ka ji tsoron Allah."

Na yi kamar ban ji ba. Magana ɗaya ce ta rage in faɗa, tana nan a bakina, na haɗiye ta. Na tuna sarkin dillalai, na tuna baƙin da za su ƙaurace wa gidana, na tuna sunan ubana. Yero ya jira iyakar jira, sannan ya mayar da idonsa ƙasa.

"Ni na kai ta kasuwa," in ji shi.

Bai yi ƙarya ba, bai kuma ƙara komai ba. Juli ya ajiye igiyar, ya miƙe, ya sa takalmansa ya fita, furarsa ko taɓawa bai yi ba. Yero ya bi bayansa. A bakin ƙofa ya tsaya ya yi wa uwarku sallama ta bayan zana, ya ce ta yafe masa bana bai kawo mai ba.

A shekarun da suka biyo mutanen Tenhiya suka tashi kamar yadda suka saba, wannan ya ɗaure wa wancan, jajayen shanu suka sake cika rijiyoyi. Yero kaɗai ba wanda ya ɗaure wa. Labari yana zuwa mini a kasuwa ba tare da na tambaya ba: ya yi kiwon haya, matarsa ta koma gidansu, ya bar daji ya tafi Kurmi gadi. In aka ambace shi sai a ce wanda ya sayar da habbanaye, ni kuma ina tsaye ina jinjina kai tare da masu jinjinawa.

Bayan shekara bakwai na kai uwarku asibiti a Damagaram. Na fito neman abinci da hantsi, sai na ga mutum zaune bisa benci a ƙofar wani babban gida yana tufka igiya. Tafin hannun na fara ganewa kafin fuskar. Na so in wuce, ya riga ya gan ni.

"Kaɗo. Ka tsufa."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya tambayi Rabi, ya tambaye ka da sunanka. Ya ce ya yi shekara biyar a Kurmi, tari ya koro shi.

"Na koyi Turancinka a can," in ji shi. "Matar maigidana ta ba ni tsohuwar riga, ta faɗi kalmar nan da ka faɗa ranar da ka ɗora hannu a bayan karsana. Na riƙe ta a kunne duk shekarun nan. Na tambayi mai dafa abinci, ya gaya mini."

"Sai a lokacin ka sani?"

"A'a. Na sani tun a zaurenka. Abin da ban sani ba, ko nawa ka karɓa. Ashe ko dala."

Na yi kuka a bakin titi, mutane suna wucewa suna kallo. Na tambaye shi me ya hana shi tona ni a gaban Juli. Ya ce a zauren ubana aka ba ubansa ruwa, ba zai kunyata ni a cikinsa ba, ya ɗauka ni zan faɗa da kaina. Na ce zan saya masa karsana, biyu ma, ya koma daji.

"Ba saniya na rasa ba," in ji shi. "In kana son ka ba ni wani abu, ka je rijiya ran da jama'a suka taru, ka faɗa wa Juli a gabansu. Ina da ɗa, Sambo. Sunan nan ya fara binsa."

Na rantse masa zan je da kaka. Da na dawo Tanut ban sake taka kasuwar shanu da sunan dillali ba, bakina ya ƙi kalmomin nan, in na buɗe shi sai in ji ƙaurin banda. Amma rijiya ban je ba. Kaka ta zo na ce sai an gama sussuka. Wata shekara har na hau mota na kai rabin hanya, na sauka na dawo. Uwarku ta daina yi mini magana a kai, shirunta ya fi maganar ciwo. A shekara ta uku wata mai tallar nono ta gaya mata tarin ya kashe Yero, an binne shi a Damagaram, cikin waɗanda suka yi masa salla babu Bafillace ko ɗaya.

Jajayen shanun nan da ke hannun makiyayinmu a Olelewa, waɗanda kuke lissafawa cikin abin da zan bari, ba naku ba ne. A makon da na ji rasuwar na sayi jar karsana da sunan Yero, duk abin da kuke gani zuriyarta ce. Uwar garken ta Juli ce a madadin tasa, sauran na Sambo ne. Na bincika, Juli yana nan da rai, ya tsufa ƙwarai amma hankalinsa garau. Sambo ya zama magidanci, har yau shanun wasu yake kora, har yau ba wanda ya ɗaure masa ko ɗaya. Shanun ma ban iya kai masa ba, don in na kai sai an tambayi dalili.

Saboda haka Lawali, in an gama girbin bana ka bar wayoyinka ka zo, ka samo mana mota. Yanzu gwiwar ta kama ni da gaske, sai an riƙe ni. Za mu je rijiyar da hantsi lokacin da ake shayarwa, sa'ad da kowa yake nan. Igiyar tana cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadona, uwarku ta san wurin. In kuwa Allah ya ɗauke ni kafin kaka, kai za ka je, ka tsaya ka karanta musu wannan takarda da ƙarfi, ka samu mai mayar da ita Fulatanci, kada ka tsallake layi ko ɗaya don ka rufa mini asiri. Juli zai miƙo hannu ya tambayi kunne, na san shi. Ka ce masa babu kunne, don ba mutuwa ta yi ba. Ilu ne ya ba da ita kyauta, Yero yana tsaye taku biyar yana yi masa murmushi.